Jamfa

Ran da Labbo ya ce in miƙo masa jamfa,
sai na waiga ina duban ƙusar bango
inda rigarsa ke rataye tun hantsi.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Ba ta sawa ba, yaro. Ga ta can a kwarkwaro."

Waya ce siririya, sili biyu, fari da ja,
sun murɗe juna kamar 'yan kokawa.

Ɗakin layukan Jega ba shi da taga,
fanka ɗaya, ita ma da gardama take juyi.
Ta gabas wayoyi na fitowa daga inji,
ta yamma wasu na shigowa daga gari,
masu kauri kamar damtsen Basarke.
Sun biyo ƙarƙashin ƙasa, sun ratsa kasuwa,
sun zo nan sun ja birki.
Kamu uku ne tsakaninsu,
amma ba mai ce wa wani sannu.

Labbo ya ce: "Ga gaɓa, ga gaɓa.
Kowa na da magana, ba mai iya iyo.
Wannan 'yar ita ce jirgin fito."

Ya auna, ya yanke,
ya zura ta cikin zobe, ya kewaya,
ya danna bakinta a haƙorin ƙarfe, ƙas!
"Kada ka ja ta ta yi tauri.
Bar mata wurin numfashi.
Kuma abin da hannu ya ɗaura,
alƙalami ya shaida a littafi."

Da Alhaji Arzika ya tashi daga tsohon gari
ya koma sabon gidansa na bakin titi,
ba a haƙa rami ba, ba a sayi waya ba.
Ƙafar jamfa ɗaya muka cire, muka matsa da ita.
Kafin la'asar lambarsa ta bi shi
kamar akuyar da ta san mai ba ta dusa.

Ni kuwa na taɓa kuskuren layi,
haƙori ɗaya tak na tsallake.
Kwana biyu dillalan albasar Aliero
na buga wa ɗakin haihuwa,
ungozoma Tumba na rantsuwa ba ta san kuɗin buhu ba.
Wani bawan Allah ya kira, murya na rawa,
yana tambaya ko maiɗakinsa ta sauka.
Aka ce: "Sun sauka, arba'in, duk manya."

Labbo bai yi faɗa ba.
Tocila ya miƙo min, da littafin,
ya tafi sallar magariba ya bar ni da su.

Yanzu ɗakin na kulle, ƙadangaru ke gadi.
Labbo ya kwanta dama, shekarar da ruwa ya ci fadama.
Ni kuma hasumiyar ƙarfe nake hawa.
Jamfar nan baƙa ce, kaurin ɗan yatsa,
tsakanin eriya da akwatin da ke ba ta murya.
Akwai rawaya a ƙasa, haske ke gudu cikinta,
in ka lanƙwasa ta da yawa sai gari ya yi tsit.

Daga sama ina hango gulbi da shinkafa,
ina naɗe bakinta kada ruwa ya shiga.
Can ƙasa wata mai tallan fura
ta kafa waya a kunne tana ƙyaƙyata dariya,
ludayi a hannu, mai saye na jira.
Ba ta ɗago kai ba. Me za ta gani?

Na ɗaure, na gwada da yatsa.
Ta ɗan yi tauri.
Na kwance, na sassauta mata.